Man Ƙafar Gaban Babur: Wanne Ya Dace a Zuba?

  Yau a filinmu na kula da abin hawa, da masu babur muke tafe: ɗan acaɓa da ke bakin tasha yana jiran fasinja, ɗan kabu-kabu a Maraɗi ko Damagaram, manomin da ke ɗaure buhu a bayan Boxer ranar kasuwa, malamin makaranta mai roba-roba, da kuma iyayen gidanmu kanikawa da yaransu na gareji. A ɗan matso kusa da rediyo, domin maganar ta shafi aljihu, ta shafi lafiyar jiki, wani lokaci har da rai.

Duk mai babur ya san man juye. Ko wanda bai taɓa riƙe sifana ba ya san in mai ya yi baƙi sai a je a juye. Amma ka tari mutum ka ce masa, malam, yaushe rabonka da canza man shokazobar gaba? Wani zai tsaya yana kallonka, don bai ma san akwai mai a ciki ba. A sayi babur sabo a kwali, a hau shi shekara da shekaru, a sayar wa wani, shi ma ya sayar, ba wanda ya taɓa kwance murfin nan na sama. Ba a tunawa da shi sai ranar da ya fara tsiyaya yana ɓata ƙafar wando.

To bari mu leƙa cikin ƙafar gaban babur, wato shokazoba, mu ga abin da ke faruwa. Kowane gefe bututu biyu ne, ɗaya na shiga cikin ɗaya. Akwai siririn mai ƙyalli da kake gani a sama, akwai mai kaurin da ke riƙe da taya a ƙasa. A ciki akwai dogon sifirin, akwai wani ɗan sandan ƙarfe mai rami a tsakiya da ƙananan huji a jikinsa, sannan akwai mai. A bakin babban bututun akwai robar da ake kira sil, ita ke tare man, a samanta kuma akwai wata da ke tare ƙura.

Aikin sifirin shi ne ɗaukar nauyi. In taya ta hau dutse ya lotsa, in ta sauka ya miƙe. Sai dai sifirin ba shi da haƙuri. In ka danne shi ka sake, ba ya tsayawa inda ya fara, sai ya wuce, ya dawo, ya sake wucewa, ya yi ta rawa. Man nan shi ke tsawata masa. Duk lokacin da ƙafar ta nutse ko ta miƙe, dole man ya kutsa ta waɗannan ƙananan hujin, kuma wahalar da yake sha wajen kutsawar ita ke rage wa sifirin gudu. Ƙarfin bugun da hanya ta yi wa taya sai ya koma zafi a cikin mai, ya fice ta jikin ƙarfe. Haka ne, man yana sulɓantar da ƙarafan don kada su ci juna, amma wannan ƙaramin aikinsa ne. Babban aikin shi ne riƙe taya ta zauna a ƙasa.

Dabarar ba ta yau ba ce. Tun 1935 kamfanin BMW na Jamus ya fitar da babur ƙirar R12 da irin wannan ƙafa mai aiki da mai, kuma har gobe yawancin Bajaj da TVS da Haojue da Jincheng da ke titunanmu a kan wannan tsari suke.

Me ya sa nake nanata maganar taya ta zauna a ƙasa? Saboda tayar da ke tsalle ba ta jin birki, ba ta jin kwana. In ka kama birki nauyin babur da naka da na fasinja duk gaba yake komawa, kuma tayar gaba ce ke yin mafi yawan aikin tsayarwa. A ce kana gudu a kan gargada, yaro ya gifta, ka damƙe birki, a daidai lokacin da tayar ke sama tana lilo. Wannan ɗan taƙin da ta yi ba ta taɓa ƙasa ba, shi ne tsakanin "Allah ya kiyaye" da asibitin ƙashi. Ban da haka akwai ciwon kafaɗa da na wuyan hannu da ɗan acaɓa ke kwana da shi, yana ɗauka gajiyar aiki ce kawai, alhali wani kaso daga ciki bugun hanya ne da ya kamata a ce mai ya shanye.

Yanzu mu zo kan zaɓi. Abu na farko da ake dubawa a wannan mai shi ne kaurinsa. Ka ɗauki mazurari ka zuba ruwa, nan take ya wuce. Ka zuba zuma, sai ka tsaya kana jira. Hujin cikin shokazoba mazurari ne da kamfani ya yi wa faɗi daidai da wani kauri na mai da ya zaɓa, kuma faɗin nan ba ya canzawa. Kai ne ke canza abin da kake zubawa.

In man ya cika tsinkewa, yana wucewa ba tare da wata turjiya ba. Sai ka ga babur yana dungurawa da ka da zarar an taɓa birki, yana lilo bayan an tsallake tudun kan titi, a rami kuma ka ji ƙarfe ya daki ƙarfe, ƙwas! In kuwa ya cika kauri, kafin ya gama kutsawa ta hujin tayar ta riga ta wuce dutsen, don haka bugun bai samu inda zai shige ba sai hannunka. Akwai wata illar ma da ba kowa ke lura da ita ba. A kan hanya mai gargada a jere, ƙafar takan nutse a bugu na farko, kafin ta gama miƙewa na biyu ya zo, ta ƙara nutsewa, na uku ya zo, har ta ƙare a takure kamar ba sifirin a ciki. Mai babur ya ce shokazoba ta mutu, a sayi sabuwa, alhali man da aka zuba ne ya shaƙe ta.

In ka je shagon kayan babur za ka ga gorunan man da aka yi musamman don wannan aiki, irin na Motul da Castrol da sauransu, da lamba a jiki: 5W, 10W, 15W, 20W. Ƙaramar lamba tsinkakken mai, babbar lamba mai kauri. Manyan baburan zamani masu tsada, waɗanda cikin ƙafarsu ke da wasu siraran faifan ƙarfe da ke buɗewa da rufewa, sun fi son tsinkakke, kamar 5W. Irin namu na haya da na zirga-zirgar yau da kullum, masu sandan huji, yawanci 10W ne gidansu, wani lokaci 15W. Amma magana ta ƙarshe tana cikin littafin da babur ya zo da shi. Na san da yawa tun ranar da aka kwance kwali littafin ya bi shara. In naka ya ɓata, dilan kamfanin suna da shi, manyan kanikawa suna da shi, kuma yaron gidanka mai waya zai iya nemo maka shi a intanet da sunan babur da ƙirarsa.

Ga wani abu da nake so kanikawa musamman su riƙe. Wannan lambar ta jikin gora ba ma'auni ɗaya ba ne a wurin duk kamfanoni. 10W na wannan kamfani na iya zama kusa da 15W na wancan. Ma'aunin gaskiya shi ne wanda ake kira sentistok, ana rubuta shi cSt, kuma ana auna shi man na kan zafin digiri 40. Kamfanonin kirki sukan rubuta shi a bayan gora ko a takardar bayanin man. Ruwan sha bai wuce 1 ba a wannan ma'auni. Man 5W yakan faɗo wajen 15 zuwa 25, na 10W kuma yawanci daga 30 zuwa 40 da 'yan kai. Saboda haka in ka samu kamfanin da mansa ya yi wa babur ɗinka daɗi, ka zauna a kansa. In ka sauya kamfani, ka dubi wannan lamba ta biyu, kada ka tsaya ga ta gaban gora.

Na kawo waɗannan alƙaluma ne don maganar da ke tafe, wadda ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. A garejinmu da yawa, in an kwance shokazoba, galan ɗin da ke kusa shi ake ɗauka, wato man juye 20W-50 ko SAE 40. Kaurin 20W-50 a digiri 40 yakan haura 140. Ku kwatanta da 35 ɗin da hujin ke jira. Ninki huɗu ke nan ko fiye. Kuma mai babur yakan ji daɗi a ranar farko, don ya danna kai ya ji tauri, ya ce yanzu ta yi ƙarfi. Wannan taurin ba ƙarfi ba ne, ƙafar ce ta kasa motsi da saurin da hanya ke buƙata. Da asubar hunturu, man ya kwana cikin sanyi ya ƙara daskarewa, abin ya fi muni.

Wani dattijon bakanike zai ce, ai mu tun muna yara da man inji muke yi. Baba, da gaskiyarka ta wani ɓangare. Akwai tsofaffin littattafan Yamaha da suka ce a zuba man inji 10W-30, akwai na Honda da suka ce a zuba jan man nan na giyar mota mai canza kanta, wanda ake kira ATF. Amma a lura, 10W-30 bai kai rabin kaurin 20W-50 ba, kuma sabo suke nufi, daga cikin gora. Shi kuwa ATF kaurinsa na kusa da na 10W, an kuma sa masa sinadarin hana kumfa. Shi ya sa in kana ƙauyen da ba a samun ainihin man shokazoba, ni a ganina sabon ATF ya fi man juye nesa ba kusa ba, kuma duk inda ake gyaran mota ana samun sa.

Na ambaci kumfa, bari in ɗan tsaya a kanta. A kan hanyar birji ƙafar gaba tana hawa da sauka ba hutu, man yana kaɗuwa da iskar da ke samansa. In ya yi kumfa, abin da ke bi ta hujin ya zama rabi mai rabi iska, iska kuwa ba ta turjiya. Shi ne za ka ji babur da ya tashi lafiya lau, bayan tafiyar awa guda ya fara iyo. An haɗa man shokazoba na gaskiya yadda zai saki iska da wuri, kuma kaurinsa ba ya sauyawa da yawa tsakanin sanyin safiya da zafin rana. Wannan kake saye da kuɗinka.

Abu biyu kuma, don girman Allah, kada a kusance su. Na farko baƙin man da aka juye daga inji. An fitar da shi ne don ya ƙone, cike yake da toka da garin ƙarfe, in ya shiga shokazoba sai ya dinga goge ƙarafan ciki yana cinye sil. Na biyu man birki. Wasu na ganin tunda shi ma na matsi ne zai yi. Ba dangi ɗaya ba ne. DOT 3 da DOT 4 ba daga ɗanyen mai aka yi su ba, suna tsotsar ruwa daga iska, suna cin fenti, kuma robar sil ɗin shokazoba ba don su aka yi ta ba. Haka in ka juya, man shokazoba in ya shiga birki sai robobin birkin su kumbura. Kowanne ya tsaya a gidansa.

Tambayar da ake yawan yi ita ce: mu da muke ƙasar zafi, inda a watan Afrilu Sakkwato da Maiduguri da Yamai kan haura digiri 40, kuma muna ɗaukar kaya, ba gara mu ƙara kauri ba? Zafi yana tsinka mai, wannan gaskiya ne. In littafi ya ce 10W, ka zuba, ka ga a tsakiyar bazara babur yana lilo, ba laifi ka hau mataki ɗaya zuwa 15W ka gwada. Mataki ɗaya na ce. Amma maganar kaya daban ce, kuma nan ne ake yawan kuskure. Mai ba ya ɗaukar nauyi. Ka ɗora buhun masara a kan tanki, komai kaurin man da ke ciki sai ƙafar ta nutse daidai inda sifirin ya yarda, illa dai ta isa can a hankali. In ka ga babur ya sunkuya da ka tun yana tsaye, to sifirin ne ya gaji, ko kuma kayan sun fi ƙarfinsa. A ciro shi a auna tsawonsa a gwada da abin da littafi ya ce. In ya gajarce, a canza na gefe biyun tare.

Bayan kauri sai yawa, kuma su biyun ba wanda ya fi wani muhimmanci. Ba a cika shokazoba har baki. Sararin da ake bari a sama ba banza ba ne, iskar da ke ciki tana matsuwa in ƙafar ta nutse, ta taimaka wa sifirin a ƙarshen tafiyarsa. In mai ya yi yawa, iskar ba ta da wurin matsuwa, ƙafar ta ƙi nutsewa yadda ya kamata, matsin ya nemi mafita ta wurin sil, ya fasa ta. In ya yi kaɗan, hujin ya dinga shaƙar iska, ƙafar ta dinga dukan ƙasa. A ƙananan baburan nan namu abin da kowace ƙafa ke sha bai kai rubu'in lita ba, ke nan gorar lita ɗaya ta ishi gefe biyu har da saura mai yawa. Kowane babur da nasa adadin a littafi. A auna da kofin awo mai lamba ko babban sirinji, ba da ido ba, ba da gwangwanin madara ba. Kuma hagu da dama su zama daidai, mai iri ɗaya, awo ɗaya.

Yaran gareji, ku saurara nan. Murfin saman nan sifirin yana tura shi daga ciki, in kana kwancewa ka danne shi da tafin hannu, kada ka sa fuskarka a saitinsa. In an zazzage tsohon man, a yi ta turawa ana ja har ya daina ɗiga, domin akwai wanda ke maƙalewa a ƙasa, kuma a cikinsa dattin yake. A ɗauraye da ɗan sabon mai a zubar. In an wargaza ƙafar gaba ɗaya, a wanke ƙarafan da kananzir a bari su bushe sarai. Fetur kam a'a, yana busar da roba, ga haɗarin gobara. In an zuba sabon man, a tura a ja a hankali har kumfar iska ta daina tasowa. In littafin ya ba da awon zurfi, wato tazara daga bakin bututu zuwa saman mai, yawanci ana auna shi ne an cire sifirin, an tura bututun har ƙasa, an tsayar da shi a miƙe. Sifirin kuma a mayar da shi yadda aka same shi, kada a juya kansa.

Sai maganar tsiyaya. Ka shafa yatsa a jikin bututun mai ƙyalli. In ka ga zoben mai da ƙura ta manne masa, sil ta fara saki. Ƙurar hunturu da taɓon damina su ne manyan abokan gabarta, sai kuma tsatsa da ɗan tabon da tsakuwa ke yi wa bututu, wanda ke yanka robar duk hawa duk sauka. Zuba mai kauri don a toshe tsiyaya ba magani ba ne, ɗaura tsumma ma ba magani ba ne, ɓoye cutar kawai aka yi. Kuma man nan gangarowa yake yi, ƙasansa kuwa birkin gaba ne. In ya jiƙa faifan birki ko takalminsa, za ka damƙe hannu ka ji babur yana tafiya abinsa. Duk wanda ya ga mai ya kai wurin birki, ya ajiye babur ɗin a ranar, a canza sil, a wanke faifai, takalmin birkin da ya sha mai kuma a jefar da shi. In bututun ya yi ramukan tsatsa ko ya lanƙwashe sanadin faɗuwa, sabuwar sil ba za ta daɗe ba sai an canza shi. Robar nan mai naɗe-naɗe da ke rufe bututun a wasu babura, in ta yage a maye gurbinta, kuɗinta kaɗan ne amma tana tare ƙura sosai.

Yaushe ake canza man in bai tsiyaye ba? Shawarar da aka fi bayarwa ita ce tsakanin kilomita 10,000 zuwa 20,000, ko bayan shekara ɗaya zuwa biyu. Wanda babur ne sana'arsa, kullum yana kan birji da kaya, ya ɗauki ƙaramar lambar. Ni da za a bi tawa, ɗan acaɓa ya sa wa kansa lokaci sau ɗaya a shekara, bayan ɗaukewar damina, lokacin da ruwa da laka suka gama abin da za su yi. Sabon man garau yake. Wanda za ka ga ya fito launin toka, da wari, da ƙyalli-ƙyallin garin ƙarfe, shi zai gaya maka ko ka makara.

A wajen saye a kula da jabu. A duba hatimin murfi bai fashe ba, a saya a shagon da aka sani, a guji wanda aka ɗura a robar ruwa ba suna ba lamba. Malam mai babur, ba rashin kunya ba ne ka sayo gorarka da kanka, ka tsaya a gaban ogan gareji ka ga an auna an zuba. Bakanike mai amana ba zai ji haushi ba.

In an gama ɗaurawa, kafin ka ɗauki fasinja, ka kama birkin gaba ka danna kan babur da ƙarfi ka saki. Ya kamata ya nutse sumul ba ƙara, ya taso sau ɗaya ya tsaya. In ya yi ta rawa, man ya tsinke ko bai isa ba. In ya taso da ƙyar, ya yi kauri. Daga nan ka zaga unguwa a hankali, ka bi ta kan tudu ɗaya ko biyu, ka dawo ka sake shafa bututun ka tabbatar a bushe yake, a kuma ƙara bin notunan da ke riƙe da ƙafar da na taya. Tsohon man da aka zazzage a tara shi a galan tare da na juye, kada a kwarara shi a kwata ko kusa da rijiya.

Nan lokaci ya tsayar da mu. Allah ya tsare hanya, ya ba da kasuwa.